Jama'a ku taimaka, alfar H2 ɗina ta ƙi saukowa

YarDorayi_Kem: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu lissafin kemistiri a kwamfuta ku zo ku cece ni. Furojet ɗina na aji huɗu a kan haidurojin ne, H2, an ce in duba yadda folarizabiliti ɗinsa, wato alfa, ma'aunin yadda gajimaren ilektiron ke karkata in an sa masa filin lantarki, take canzawa in ana ƙara tazarar da ke tsakanin atam biyun, wato R. Na fara daga bohr 1.0 (bohr ma'aunin tsawo ne a lissafin atam) ina ƙarawa kaɗan kaɗan har 8, da hanyar lissafi ta RHF, wato Hartree-Fock mai sa ilektiron biyu a obital ɗaya, a manhajar Psi4. A wajen 1.4 abin da ya fito ya yi kusa da na littafi sosai, amma daga nan alfar da ke bin tsawon bon ɗin sai hawa kawai take yi, ko alamar tsayawa babu. Sufabaiza ya kalli giraf ɗin ya ce in je in sake tunani, ya ci gaba da abin da yake yi. To ni a ganina ai haka ya kamata, bon ya ƙara tsawo, ilektiron sun samu fili, alfa ta ƙaru. Ina matsalar take?

DanKabuga: Wa alaikumus salam. Ni dai abin da aka koya mana kenan tun sakandare, molekul in ya fi girma ya fi saurin karkata in an sa masa filin lantarki. Shi ya sa ayodin ya fi kilorin. Ban ga laifin giraf ɗinki ba wlh, ƙila malamin na so ki ƙara bayani ne kawai

Malam_Fizik: Ƙanwata bar kwamfutar tukunna, ɗauki biro. In kika ja atam biyun har suka rabu gaba ɗaya me ya rage a hannunki? Atam biyu na haidurojin, kowa zaman kansa yake. Alfar atam ɗin haidurojin guda ɗaya kuwa ba a ma buƙatar kwamfuta, ana fitar da ita da hannu, 9/2 ce cif, wato 4.5 a ma'aunin atam. Biyu kenan 9. Don haka duk giraf ɗin da bai dawo ya kwanta a kan 9 ba in R ta yi nisa, ƙarya yake miki, ko wace irin kwamfuta ce ta haife shi. Sannan ki duba ɗaya ƙarshen, in kika matse furoton biyun suka haɗe wuri guda ilektiron biyun abin da suke gani hiliyam ne, alfarsa 1.38. To kin san inda aka taso kin san inda za a sauka, saura hanya.

DanKabuga: Malam to in haka ne daga 1.38 zuwa 9 ai hawa ne dai, sai dai ya tsaya a 9

Malam_Fizik: A'a, nan ne daɗin abin yake. Alfar tsawo ba tsayawa take a 9 ba, wuce ta take yi sosai, ta kai wajen 18 tsakanin bohr 3 da 3.5, sannan ta juyo ta gangaro ta kwanta a 9. Tudu ne a tsakiya. Kołos da Wolniewicz, mutanen Folan, sun fitar da wannan tun 1967, da kwamfutar da wayar hannunka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. A bohr 1.4 sun samu ta tsawo 6.38, ta gicciye, wato in filin ya gitta bon ɗin, 4.58, in ka ɗauki ta tsawo ɗaya da ta gicciye biyu ka raba uku ya ba ka 5.18.

Hafsy_Tarauni: Tsaya Malam, ni littafina 0.80 ya rubuta wa H2, ina 5.18 ta fito kuma?? ko ni ce ban gane ba

TsohonDalibi88: Ma'auni ne ya bambanta Hafsy. Naki angistiram ne da aka ninka sau uku a kansa, nashi bohr ne da aka yi wa haka. Bohr ɗaya angistiram 0.529 ne, ki ninka shi sau uku a kansa ya ba ki 0.148. To 5.18 sau 0.148 ya kama 0.77. Za ki ce ai bai kai 0.80 ba, eh bai kai ba, kuma da dalili, amma bari Malam ya gama da mai tambaya kar mu cakuɗa mata

YarDorayi_Kem: Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Maganar 9 ɗin nan ta shige ni, ban taɓa tunanin in duba ƙarshen ba. Amma har yanzu abu biyu ban gane ba, me ya sa take yin tudun, kuma me ya sa tawa ta ƙi yi

Dakta_Kwantam: Bari in sa baki, yau ba ni da lakca sai bayan azahar. Alfa in kika warware ta jimla ce a kan duk matakan enaji na sama da filin lantarki zai iya haɗa matakin ƙasa da su. Kowane mataki yana kawo daifol ɗin tsallakawa, wato yawan cajin da ya gusa da nisan da ya yi, an ninka shi a kansa, a raba da tazarar enaji da ke tsakaninsu. Abu biyu kenan ke wasa, na saman rabon wato daifol, da na ƙasansa wato tazarar enaji. Ta tsawo mafi yawanta daga matakin da ake kira B take zuwa, wanda ke ba da layukan Lyman na H2, ta gicciye kuma daga matakin C mai layukan Werner. Shi B ɗin nan a matsakaiciyar tazara kamanninsa H+ da H- ne, wato ilektiron biyun sun taru a gefe ɗaya.

In kin fara jan bon ɗin, matakin ƙasa yana hawa saboda kina karya ɗaurin da ke riƙe da shi, sai tazarar enaji zuwa B ta ragu. A lokaci guda kuma nisan da caji zai yi tafiya daga wannan furoton zuwa wancan ya ƙaru, daifol ya girma. Na sama na ƙaruwa na ƙasa na raguwa, dole alfa ta tashi da gudu, a bohr 2 kaɗai ta kusa 11. Amma wannan ba ya ɗorewa. Ki ɗauka yara biyu ne da ɗakuna biyu da soro a tsakani. Soron in gajere ne duk inda aka kira su sai su ruga tare, in ya ɗan ƙara tsawo gudun ma ya fi nisa. In ya yi tsawo da yawa kuwa kowa sai ya kama ɗaki ɗaya ya zauna, don su biyun ba sa shiri, ba mai yarda ya je ya matsu da ɗan uwansa, ko an kira shi iyakaci ya leƙo ƙofa. Wannan leƙen shi ne 4.5 na kowane atam. Tudun yana daidai wurin da soron ya yi tsawo amma ba su daina tsallakawa ba tukunna.

Ita kuma RHF laifinta ɗaya, ta tilasta wa ilektiron biyun zama a obital guda, wato mazaunin ilektiron ɗaya, komai nisan R. In kika buɗe lissafin za ki ga ko an raba atam ɗin da nisan Kano zuwa Wudil, rabin abin H+ da H- ne, wanda a zahiri babu shi. Caji yana nan yana iya zirga-zirga tsakanin gefe biyu, nisan kuma yana ƙaruwa, alfa ba za ta taɓa juyowa ba. Lissafinki daidai ne, hanyar ce ba ta kai wurin.

YarDorayi_Kem: Kai Dakta Allah ya saka da alheri. To B3LYP fa? wata ƙawata ta ce in koma DFT, wata hanyar lissafi da B3LYP ke cikinta, komai zai gyaru

Dakta_Kwantam: In dai kin bar su a obital ɗaya ne, ciwon ɗaya ne, suna kawai kika canza.

Injiniya_Hotoro: Ni fa ina karantawa ne kawai ina jinjina kai, lantarki na karanta ba kemistiri ba. Amma dan Allah wannan duk meye amfaninsa, waye yake jan bon ɗin haidurojin a rayuwa? Haidurojin ɗin da na sani shi ne na masu balan-balan da sallah, akwai wani a bayan layinmu da yake zuba soda da guntayen alminiyam da ruwa a tukunyar ƙarfe, tukunyar ta yi zafi har sai ya riƙa kwara mata ruwa, yara sun zagaye shi suna jira

Hafsy_Tarauni: Innalillahi wannan abin yana ba ni tsoro wlh, ga yara ga masu suya kusa da wuta. Iskar nan kamawa take da ƙyas ɗaya. Hiliyam ya kamata amma tsada

Baba_Gwale: Ku yara ku bar mutum ya nemi abincinsa, amma dai a ce masa ya matsa nesa da wuta da cunkoso. Mu koma kan karatun yarinya.

Malam_Fizik: Injiniya tambayarka ba ta banza ba ce, kuma amsar ita ce ba wanda yake jan sa, shi yake jan kansa. Bon ɗin kullum cikin rawa yake, yana miƙewa yana tsukewa a kusa da angistiram 0.74. H2 ba shi da daifol, atam biyun iri ɗaya ne, don haka in ka haska masa infirared wannan rawar ba ta bayyana. Amma da yake alfa tana canzawa in R ta canza, a gwajin Raman, inda ake duba hasken da molekul ya watso, tana fitowa ɓaro-ɓaro a wajen 4160 a ma'aunin cm-1. Ka haska koren leza mai nanomita 532, ɗan haske kaɗan ya dawo maka ja a wajen 683. Ƙarfin wannan layin kuwa daga gangaren giraf ɗin yarinyar nan yake fitowa, a daidai 1.4, ba daga tsayin sa ba. Da a ce giraf ɗin a kwance yake a wurin da babu layin sam. C. V. Raman ya gano abin a Kalkata 1928, ya karɓi Nobel 1930, Rasetti ya auna na iskar H2 a 1929, Placzek kuma ya tsara bayanin ta hanyar alfa a 1934.

Injiniya_Hotoro: Toh yanzu na ji magana. Wato ana iya gane haidurojin a cikin bututu da haske kawai ba tare da an buɗe ba

Malam_Fizik: In akwai tagar gilashi, ƙwarai. Har ma da juyawar molekul ɗin, wannan kuma bambancin ta tsawo da ta gicciye ne ke ba da ita, 6.38 a cire 4.58, wato 1.8. Layukan suna 354 da 587 a cm-1, na 587 ya fi ƙarfi a zafin ɗaki saboda H2 iri biyu ne, oto mai ba da 587 da fara mai ba da 354, kuma oto ya ninka fara sau uku.

TsohonDalibi88: Yauwa, tunda Malam ya kawo rawa bari in biya Hafsy bashinta. 0.77 ɗin can na molekul ne da aka daskarar a 1.4. Na gaske ko a sanyi mafi tsanani yana rawa, kuma ramin enajin ba daidai yake ba, ya fi sauƙin miƙewa a kan tsukewa, sai matsakaicin R ya zama wajen 1.45 maimakon 1.40. Tunda alfa na hawa da R a wurin, matsakaicinta sai ya koma wajen 5.4, ki ninka da 0.148 ga 0.80 ɗinki. Shi ya sa ma D2, wato ditiriyam, haidurojin mai nauyi, alfarsa ta ɗan gaza ta H2 duk da ilektiron ɗinsu iri ɗaya, ya fi nauyi, rawarsa ba ta kai nisa haka ba

Hafsy_Tarauni: ahh to yanzu lissafi ya haɗu, na gode yaya

DanKabuga: Ku tsaya, nan kuma na kama ku. An ce mana in alfa ta fi yawa jan London, wato ɗan jan da ke tsakanin molekul da molekul, ya fi ƙarfi, abu ya fi wuyar tafasa. H2 na tafasa a kelbin 20, D2 wajen 23 da wani abu. In D2 alfarsa ta fi ƙanƙanta ai shi ya kamata ya riga tafasa

TsohonDalibi88: Bambancin alfar ai ɗan mitsitsi ne, wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Abin da ya danne shi nauyi ne, H2 ya yi sauƙi da yawa har a cikin ruwan ma molekul ɗin ba sa zama wuri ɗaya, wannan motsin na kwantam yana cinye wani ɓangare na riƙon da ke tsakaninsu. D2 ya ninka shi nauyi, ya fi natsuwa, ya fi riƙuwa. Dokar da aka ba mu a sakandare tana aiki ne in sauran abubuwa ba su shigo ba

DanKabuga: hmm kullum sai an ce amma. Har yanzu dai ni ban saki maganata ta farko ba, ayodin ya fi kilorin

Malam_Fizik: Ba wanda ya ƙwace maka ita. Amma riƙe wannan ka kwana da shi, atam biyu a rabe 9, sun haɗu sun zama molekul 5.18. Haɗuwar rage alfa ta yi ba ƙarawa ba, saboda yanzu kowane ilektiron furoton biyu ke riƙe da shi. Cire ilektiron daga atam ɗin H enaji eV 13.6 yake ci, daga H2 kuwa 15.4. Ba girman abu kaɗai ake kallo ba, ana kallon yadda aka riƙe shi.

Abba_Linux: Ku bar falsafa ku ba yarinya abin da za ta danna. Ƙanwata ki yi CCSD, hanyar da ke lissafa yadda ilektiron ke kauce wa juna, ilektiron biyu ne kacal don haka CCSD daidai take da cikakken CI, wato amsa mafi cika da za a samu, a cikin besis ɗin da kika zaɓa, wato tarin siffofin da kwamfuta ke gina obital da su, ba abin da ya rage. Psi4 ɗin da ke hannunki yana yi, PySCF ma yana yi, duk kyauta, kuma H2 ko tsohuwar laftof ta Farm Center za ta ɗauka. Na biyu wane besis kika sa? In STO-3G ne alfar gicciye sifili za ta ba ki tas, saboda haidurojin a can obital s kaɗai gare shi, babu p, gajimaren ba shi da hanyar karkata gefe. Ki sa aug-cc-pVTZ, kuma aug ɗin nan kar ki yar da shi don neman sauri, alfa a gefen gajimare take zaune inda ilektiron ya yi nisa da furoton. Gwaji mai sauƙi, ki lissafa atam ɗin H shi kaɗai, in bai ba ki kusa da 4.5 ba besis ɗin bai isa ba, kar ki ɓata caji

YarDorayi_Kem: aug-cc-pVTZ ɗin na sa tun farko yaya. Zan gwada CCSD in an kawo wuta, tun jiya da magariba babu, laftof ɗin na kashi 9, ita kam ta sauko kan 9 hhh

Ustaz_Sharada: Me ya hana UHF, wadda ke barin kowane ilektiron da obital ɗinsa? mu da ita muka yi namu, tana rabuwa daidai ta ba ka atam biyu, kuma ba ta da nauyi

Dakta_Kwantam: Ustaz ƙarshen ta daidai ne, za ta kai ka 9. Tsakiyar ce matsala, kuma tsakiyar ita ce furojet ɗin. Har zuwa wajen angistiram 1.2 UHF da RHF abu ɗaya suke bayarwa, daga nan ne suke rabuwa, wurin da ake kira da sunan Coulson da Fischer tun aikinsu na 1949. Giraf ɗin sai ya yi gwiwa a wurin, wadda babu ita a molekul na gaske, tudun kuma ba ya fitowa a inda ya kamata. Ga sifin ɗin ilektiron da ke gurɓata, ma'auninsa S² ya tashi daga sifili ya doshi 1. Sannan in ba ka karya daidaiton hasashen farko da kanka ba, sai ka rubuta UHF ta dawo maka da amsar RHF kana zaune kana murna.

Ustaz_Sharada: Wannan na ƙarshen kam ya faru da mutane da yawa a ajinmu. Amma ni har yanzu ina ganin a sa ta a giraf ɗin, ukun duka a takarda ɗaya, mai karatu ya gani da idonsa

Abba_Linux: a nan ina bayan Ustaz, layi uku a giraf ɗaya shi ne babi na huɗu gaba ɗaya

Hafsy_Tarauni: Dakta to in yaro ɗaya ne a gidan fa? ina nufin H2+, mai ilektiron ɗaya

Dakta_Kwantam: Madalla da wannan tambaya. A nan babu wanda zai matsu da shi, ɗakunan biyu duk ɗaya ne a wurinsa. Matakai biyu mafi ƙasa suna matsowa juna in R ta ƙaru har tazarar enajin ta kusa ɓacewa, daifol ɗin tsakaninsu kuma yana kusan rabin R. Don haka a H2+ alfar tsawo da gaske hawa take ba iyaka, ƙaramin fili ya isa ya kwashe ilektiron ɗin gaba ɗaya zuwa gefe guda. A tazararsa ta zama, bohr 2, ta tsawo wajen 5.1 ce ta gicciye wajen 1.8. Wato siffar da YarDorayi ta samu akwai molekul ɗin da ke yin irinta, sai dai ba nata ba ne.

Baba_Gwale: Mu a zamaninmu da tebur ɗin logaridam muka yi karatu, wannan duk sai dai mu ji a bakinku. Amma ina da tambaya, kun yi ta maganar ta tsawo, ita ta gicciyen ba wanda ya ce komai a kanta

Malam_Fizik: Ranka ya daɗe ita ba ta da rigima sosai, daga 4.58 take hawa a hankali zuwa wajen 9, ba ta yin irin wancan tsallen saboda filin ba ya tura caji daga wannan atam zuwa wancan. Abin sha'awa a nesa ne. In R ta yi girma kowane atam ya zama ɗan daifol, kuma yana jin filin ɗan uwansa. In a jere suke da filin suna ƙarfafa juna, in a gicciye suna rage wa juna. Silberstein ya rubuta wannan tun 1917, kafin ma a san kwantam ɗin da muke yi yanzu. A bohr 10 lissafin ya ba da wajen 9.08 ta tsawo, 8.96 ta gicciye. Ɗaya na sauka kan 9 daga sama, ɗaya na hawa daga ƙasa, bambancin yana raguwa daidai da R in an ninka ta sau uku a kanta.

YarDorayi_Kem: Jama'a an kawo wuta da asuba na saka CCSD. A 1.4 ta ba ni 6.4, ta hau har wajen 18, a bohr 4 ta riga ta fara gangarowa, alhamdulillah!! Amma daga 7 zuwa sama yana ta zagaye yana ƙin kammalawa, sai ya rubuto min ja ya tsaya

Abba_Linux: Ƙara yawan zagayen da kika ba shi, kuma ki sa kowane R ya fara daga obital ɗin wanda ya gabace shi maimakon daga farko. In ya ƙi ki koma cikakken CI ki sa ɗan fili da hannu, 0.001 gaba da baya, ki ciro alfa daga yadda enaji ya lanƙwasa. Kar ki sa fili babba a wajen tudun, amsar za ta gurɓace

DanKabuga: To ni kuma wata ta taso min, HD fa? ɗaya haidurojin ɗaya ditiriyam, yana da daifol ko babu, tunda caji iri ɗaya ne

TsohonDalibi88: Yana da shi amma ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na debye ba, wato ma'aunin daifol, kuma lissafin da yarinyar nan take yi ba zai nuna shi ba saboda a can an ɗauka furoton a tsaye suke, nauyinsu bai shiga ba. Giraf ɗin alfa da R ɗaya ne ga H2 da HD da D2, wajen ɗaukar matsakaicin rawa ne suke rabuwa

YarDorayi_Kem: Yaya wannan matsakaicin rawar shi ma sai na yi? sufabaiza bai ambata ba, kuma difens ya kusa. In dole ne dan Allah wani ya nuna min ta inda ake farawa, enajin kowane R yana nan na ajiye a fayil